Yadda Na Bi Babban Yatsana Har Ƙasar Faransi

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. In na fito daga masallaci a tare ni, in na zauna gindin durumin ƙofar gida a kewaye ni: Habu, yaya ƙasar Faransi take, me suke ci, da gaske ne ba sa jin Hausa? Bakinku na tambayar ƙasa, idonku kuwa na kan hannuna, ina ganinku sarai. To zan faɗa sau ɗaya daga farko har ƙarshe, wanda bai ji ba ya tambayi wanda ya ji.

Ga wanda bai san ni ba, ni maɗinkin riguna ne a nan Gagarawa. Aikin wuya da aljihu nake yi da zaren tsamiya, tun ina yaro a gaban mahaifina. Ban iya noma ba, ban iya ciniki ba, karatuna bai wuce na salla ba. Duk abin da muke ci ni da iyalina daga tsakanin babban yatsana na dama da manuniya yake fitowa. A bazarar da ta wuce, wadda ta biyo bayan shekarar yunwar nan, allura ta soke ni a gindin farcen babban yatsan. Sukar allura ba labari ba ce wurin maɗinki, na tsotse jinin na ci gaba da aikina. Kafin mako ya zagayo yatsan ya kumbura ya yi sheƙi, yana bugawa kamar an ba shi zuciya tasa ta kansa. Kowa ya gani sai ya ce karkare ne.

An huda gautan kura an zura mini yatsan a ciki. An gwada lalle da kanwa. Wata tsohuwa ta ce kashin saniya mai ɗumi, shi ma na yi. Abin sai gaba yake. Zama ya gagare ni, kwanciya ta gagare ni. In na sauke hannun sai in ji kamar zai fashe, ba na samun sauƙi sai na ɗaga shi sama da kaina. Haka na yi ta zagaya gida hannu a sama, har maiɗakina ta ce in tafi Gumel wurin wanzamai tun kafin sawuna ya haƙa mata rami a tsakar gida.

Tanko ne ya raka ni. Ɗan gwaggona ne, wato taubashina, kuma a gidanmu ya tashi. Tun muna yara muke gardamar wane ne ubangida wane ne bawa a tsakaninmu, har muka yi gemu ba a raba mana ba. Manomi ne, ƙato, ga baki kamar aska. Ya bar sharar gonarsa rabi da rabi, ya ce ba don tausayi zai bi ni ba, so yake ya ga yadda babban mutum ke kuka a gaban wanzami.

Mun kama hanya da sassafe, hannuna naɗe da tsumma, a dunƙule, a sama. Ban yi tunanin yadda abin zai zama a idon mutane ba sai da muka haɗu da wani tsoho a kan jaki. Yana hango ni ya gyara zama, ya amsa jinjinar da ban yi masa ba, ya sa mini albarka ya wuce yana waiwaye. Wasu mata masu itace suka ratse gefen hanya suka durƙusa, a zatonsu wani babba ne ke tafe a bayanmu. Tanko da ya ga haka sai ya shige gaba yana buɗa mini hanya yana kirari kamar maroƙi. Na zage shi iya zagi, amma ban iya sauke hannun ba.

A wata rijiya muka tsaya wurin wata Bafillatana mai fura, nan ne na fara sanin abin da ya same ni. Ban taɓa kai hagu baki ba tun da na yi wayo, kuma ban ga dalilin farawa a gaban mutane ba. Tanko ya riƙe ludayi yana ba ni a baki, yana cewa iri biyu ya san ana yi wa haka, jariri da maraƙin da uwarsa ta mutu, in zaɓi ɗaya. Shi ke zuba mini ruwan alwala. Shi ke ɗaure mini zariyar wando in na zaga bayan daji, kuma bai taɓa ɗaurewa ba tare da ya tambaye ni wane ne ubangida yau ba.

A Gumel mun sauka gidan wani maɗinki abokin sana'ata kusa da kasuwa. Garin bai gama farfaɗowa ba, gidaje da yawa a rufe, waɗansu danga ta faɗi ba mai tayarwa. Duk da haka mutumin nan ya karɓe mu da tuwon gero miyar kuka, ya yi mana shimfiɗa a zaure. Ni ne ban kyauta masa ba. Yana zaune yana aikin aljihun wata riga, ni kuma ina kai da kawo a kansa, yatsuna huɗu na motsi cikin tsumma suna bin allurarsa. Na ce zarensa ya yi sako-sako. Na ce ya karkata. Da na faɗi na uku sai ya naɗe rigar ya shige cikin gida.

Washegari aka kai ni wurin wani dattijon wanzami da duk garin ke yabo. Ya kwance tsumman, ya danna yatsan da bayan aska, na ga taurari da rana tsaka. Ya ce ciwon ya taɓa ƙashi a gaɓar farko, sai a cire ta, kuma a yau. Ya ce guntun da zai rage zai riƙe allura in na saba.

Na yi masa bayani kamar yadda ake yi wa yaro. Na ce kan yatsan nan shi ne idona, shi ke sanin kaurin zare kafin in duba, shi ke jin inda allura za ta ɓullo ta bayan ƙyalle. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Malam Habu, yau gaɓa ɗaya nake nema. Ciwon nan ba ya tsayawa inda aka bar shi."

Raina ya ɓaci, na sa Tanko ya naɗe mini hannuna muka fito. Da yamma a zauren masaukinmu wani falke mai fatu ya ba da labarin wani tsohon maƙeri a hayin iyaka, gaba da Maigatari kaɗan, wanda ke zuƙe karkare da ganye ba tare da ya sa ƙarfe ba. Ya ce da idonsa ya ga yatsan da aka fid da rai ya dawo sumul. Abin da kunnena ke nema ke nan. Tanko ya ja ni gefe, kuma karon farko tun fitowarmu ba wasa a fuskarsa, ya ce mu koma wurin wanzami da safe. Na ce in gonarsa ce ke kiransa ga hanya nan. Ku ce wauta ce in kun so, amma wanda bai taɓa cin abinci da kan yatsa ɗaya ba ba zai gane ba. Da gari ya waye na nufi arewa, na ji takunsa a bayana.

Maigatari mun same ta ranar kasuwa. Raƙuma, kanwa, gishiri, shanu masu dogon ƙaho, da yaruka iri-iri a bakin mutane. Fatoman da ya sauke mu ya haɗa mu zaure ɗaya da wasu Buzaye uku. Gaisuwarsu daban take da tamu. Ba sa riƙe hannun mutum, tafi suke gogawa a kan tafi su janye, su sake gogawa su janye, suna ta jero tambayar lafiya, fuska a rufe sai ido. Babbansu ya miƙo mini tafinsa, na rasa abin da zan ba shi, na miƙa masa gwiwar hannu kamar wanda aka tarar yana cin tuwo. Ya goga a kai, bai ko yi murmushi ba, ko kuwa ya yi a bayan rawani ban gani ba.

Su kuma ba sa tsoma hannu a akushi. Kowa na da cokalinsa na itace a jaka, da shi yake ci, yana cusa shi ta ƙarƙashin amawalin rawaninsa. A gida da an ce mutum na ƙyamar abincin mutane ne. Babban nasu ya ga yadda Tanko ke ba ni a baki, sai ya ara mini nasa. Tanko ya ɗaure mini shi a wuyan hannu da kaba. Loma ta farko ta tafi kunnena, ta biyu ta sauka a cinyar Buzu. Muka mayar masa da cokalinsa da godiya.

A bakin kasuwar ne na ga gardi da jan birinsa, mutane sun yi da'ira. Ba wasan ne ya tsayar da ni ba. Birin ya zo ya zauna kusa da ƙafata yana ɓare gyaɗa, sai idona ya sauka a hannunsa. Farce irin namu, gaɓoɓi irin namu, har da zane-zanen tafi. Sai dai babban yatsansa guntu ne, can ƙasa, da ƙyar yake kai wa kan 'yan'uwansa. Na sa Tanko ya zare allurar da ke maƙale a hulata ya ba shi. Ya karɓa da yatsu biyu, ya sansana, ya gwada ta a haƙori, ya yar. Gardin ya yi dariya ya ce da ni, "Duk ƙullin da ka ba shi zai kwance maka. Amma tun da nake tare da shi bai taɓa ƙulla ko ɗaya ba."

Maganar nan ta hana ni sakat. Na bi kasuwar ina kallon kaya ba don saye ba: igiyar guga, tabarma, linzami, tulu, allo da alƙalami. Babu ɗaya da bai bi ta tsakanin babban yatsa da 'yan'uwansa ba. Malamai sun ce hankali ne ya raba mu da dabba, ni ban isa in musa ba. Amma ni dai nawa hankalin ban san inda yake zaune ba in ba a yatsan nan ba. In ina ɗinki ina iya hira, ina iya faɗa da maƙwabci, hannun ya san inda za shi ba tare da ya tambaye ni ba. Tun ranar da na ajiye allura kuwa tunanina ya ƙi jeruwa, in na kama wannan sai wancan ya kufce. Tanko ya ce birin ya ga yayansa shi ya sa ya zo gaisuwa. Ban ma bi ta kansa ba. Tsoro ne ya kama ni, tsoro sosai.

Iyakar da kuke ta tambaya, ba ganuwa ba ce, ba kogi ba ne. Wani ƙarfe ne Turawa suka kafa a tsakiyar gonar wani mutum, shi kuma ya ɗaure akuyarsa a jiki. Gidansa na ƙasar Ingilishi, rijiyarsa na ƙasar Faransi. Hausarmu yake yi, sai dai in ka gaishe shi ya ce lahiya lau, in zai sallame ka ya ce ka tahi. Ya nuna mana hanyar ƙauyen maƙerin, ya ce mu bi ta cikin gonaki, kada mu hau babbar hanya, masu jar hula na ɗibar mutane. Ni kuwa yatsan na ci na, na ce babbar hanya ta fi sauri.

Ba mu yi nisa ba muka faɗa hannunsu a gindin wani gawo. Sojan Faransi ne, amma ba Turawa ba, baƙaƙe ne kamar mu daga wata ƙasa can yamma, Hausarsu a karye. 'Yan dako suke tarawa su kai musu buhunan gero bariki can arewa. Ba su tambayi sunan kowa ba, ba su tambayi garin kowa ba. Jera mu suka yi, ɗaya daga cikinsu na bi yana cewa a buɗe tafi. In ya ga kanta sai ya tura mutum dama, in ya ga laushi ya tura shi hagu. Wani malami da wani mai tallan turare suka tsira a gabana. Ya zo kaina ya murza tafina na hagu, ya yi tsaki, ya fizge tsumman dama, warin ya buge shi ya ja da baya yana toshe hanci. Tafin Tanko kuwa kamar ƙirgi yake, ko dubawa ta biyu bai yi ba.

Na bi su ina roƙo, ina cewa mutumin Ingilishi ne, ɗan'uwana ne, shi ke ba ni abinci. Aka nuna mini gindin bindiga. Tanko ya juyo da buhu a ka ya ce in wuce wurin maƙeri kada in tsaya, zai same ni. Har ya fara tafiya ya ƙara da cewa in yi hankali da zariyata.

Ya san abin da yake faɗi. Kafin in kai ƙauyen bayan gida ya matse ni, na ratse daji, da na gama kuma ɗaurin ya gagare ni. Haka na shiga garin mutane da la'asar, dama a sama, hagu riƙe da wando, fuska sharkaf da hawaye. Matan da ke bakin rijiya suka kau da kai, ɗaya ta nuna mini maƙera da haɓa.

Maƙerin tsoho ne ƙanƙane, hannuwansa duk tabon wuta. Shi ya fara ɗaure mini wandon, sannan ya zaunar da ni a kan kututture. Ya sansana yatsan. Ya bi wani jan layi da ya taso daga wuyan hannuna da ɗan yatsansa har gwiwa, ya laluba hammatata ya sami kaluluwa. Na fara ba shi labarin wanzamin Gumel, da na falke da ganye. Ya ce ganyen gaskiya ne, ga shi can a rataye, amma na ciwon da bai kai ƙashi ba ne.

"Ka makara, ɗana," in ji shi. "Da ka bari a Gumel, gaɓa guda ce. Yanzu ko yatsan duka, ko hannun ya tahi da kai."

Na ce to ya yanke yanzu-yanzu, tun zuciyata ba ta sauya ba. Ya ƙi. Ya ce shi ba ya sa wa baƙo ƙarfe sai da ɗan'uwansa na jini a wurin, don in baƙo ya mutu a maƙerarsa ba mai shaida, Faransi shi za su rataye. Na ce ɗan'uwana na hannun masu jar hula. Ya ce to mu roƙi Allah ya sako shi kafin layin nan ya kai kafaɗa.

Kwanakin da na yi a gidan nan ba na fatan maƙiyina ya yi irinsu. Mutanen kirki ne. Furarsu da dabino da cuku suke dama ta, ta fi tamu gardi nesa ba kusa ba, kuma tsohon da kansa yake riƙe mini ƙwarya. Amma ban iya zama na shanye ba. In kurɓa in miƙe in tafi bakin gari in duba hanyar arewa, in dawo in ja hannun riga in duba layin, in sake komawa. Har karnukan garin suka daina yi mini haushi. Abin da ya fi ciwon ci na shi ne na san ni na hau da Tanko babbar hanya, ga damina na matsowa, ga gonarsa a rabin shara.

Wata safiya ina tsaye bakin gari zazzaɓi na kaɗa ni, sai na hango mutum na fitowa daga cikin sabara, ba ta hanya ba. Tanko ne. Ya ajiye musu buhunsu a wata rijiya ya sulale. Tsakiyar kansa ta saɓule, ƙafafunsa duk ƙaya, ya rame kamar ba shi ba. Na buɗe baki in ba shi haƙuri, ya ture ni gefe ya ja hannun rigata ya duba. Bai yi mini ba'a ba. Cewa ya yi ina maƙerin.

Ba zan ja muku wannan ba. An hura wuta, an sa wuƙa da wani ƙarfe mai faɗi a ciki. Tanko ya zauna a bayana ya zagaye ƙirjina da hannu ɗaya, ɗayan ya danne wuyan hannuna a kan kututture. Aka ba ni guntun fata na ciza. Na ji wuƙar, na ji ƙarfen, na ji ƙaurin naman jikina. Kukan da Tanko ya biyo ni ya gani ya gan shi, har ya ishe shi, don da na farfaɗo bayan wuyana a jiƙe yake, kuma ba gumina ba ne.

Tsohon ya barbaɗa garin bagaruwa ya naɗe. Na ce a nuna mini yatsan kafin a binne. Ya yi baƙi ya lalace, amma a gefensa ramin da allura ta yi masa shekara da shekaru na nan. Tanko ya yagi bakin rigarsa ya naɗe shi, ya haƙa rami gindin wata aduwa a bayan maƙera ya rufe.

Da zazzaɓin ya sauka maƙerin ya ce mu bar garin, kuma kada mu koma ta Maigatari, don za a iya neman wanda ya gudu da ƙafarsa. Ya haɗa mu da wani mai jaki da zai yi kudu maso yamma ta cikin daji. Mun ƙetare iyaka ba mu san mun ƙetare ba, sai da muka gaida wata mata ta ce mana lafiya lau. Hanyar ta fitar da mu Sule Tankarkar, garin da Gwaggo take, mahaifiyar Tanko.

A gidanta ne na zauna a karon farko, amma ba zaman lafiya ba. Ƙafata ta daina yawo, zuciyata ce ta karɓa. In kwanta a rumfa in juya dama in juya hagu, ina lissafa abin da ba zan ƙara yi ba. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, Tanko na ta kallon sama bai ce mu tafi ba, wannan ma ya ƙara mini nauyi. Gwaggo tsohuwa ce tukuf, ba ta da yawan magana, kullum tana gefe tana kaɗi. Ranar da aka yi yayyafin farko ta tambaye ni me zan yi in na koma. Na ce ba abin da zan yi, na gama, sai dai in zauna a ci da ni kamar tsohon doki.

Ta ajiye mazarinta ta ce in matso. Na miƙa mata hannun ciwon, ta ture shi ta kama na hagu. Ta juya shi ta sa yatsa a kan wani siririn tabo da ya zagaye wuyan hannun. Tun da na yi wayo nake ganinsa, na ɗauka ƙuna ce ta yarinta.

"Wannan ni na yi maka," in ji ta.

Ta ce wurinta aka kawo ni yaye, na kuma daɗe. Ta ce bahago aka haife ni. Komai aka miƙo mini da hagu nake karɓa, da ita nake ci, da ita nake jifa. Mahaifina ya ji kunya, ya ce kada a mayar masa da ni sai an gyara. Ta gwada duka, ta gwada barkono, ban bari ba. Sai ta zura hannun a zunguru irin na ƙunshi ta ɗaure bakinsa da igiyar rama, damina guda cur. Ta ce na yi ta buga shi a bango, na fasa zunguru ba ɗaya ba, ita kuma tana sake wani, har na haƙura na koma dama.

Na rasa abin da ke yi mini daɗi. Na ji haushi, na ji kunya, na ji tausayin yaron da ban tuna ba. Na tambaye ta ko ba ta ji tausayina ba. Ta ce ta ji mana, amma da ta bar ni wa zai ci akushi ɗaya da ni, wa zai ba ni 'yarsa. Ba ta nemi gafarata ba, kuma ban ga alamar tana ganin ta yi laifi ba. Ta dai riƙe hannun tana murza yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗaure shi na yi, Habu, ban kashe shi ba."

Ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon zanenta da ya yage, da allura da zaren da ta kaɗa, ta zube mini a cinya ta koma kan kaɗinta. Na daɗe ina kallon hannun. Shekara arba'in yana rataye a jikina, ban san shi da wani aiki ba sai tsarki. Na maƙale allurar tsakanin yatsun dama biyu, na lashi zaren, na kawo shi da hagu. Ya kauce. Ya sake kaucewa. Ban ƙirga sau nawa ba kafin ya shiga. Da na fara ɗinkin sai na ga yana tafiya ta inda ban saba ba, daga hagu zuwa dama, a karkace, wani taku dogo wani gajere. Na soki kaina, na warware, na sake. Ban ɗago ba sai da na ji kiran magariba, kuma a tsakanin nan ban tuna da ciwo ba.

Gwaggo ta karɓi zanen ta kai shi kusa da ido, ta ja ɗinkin da ƙarfi ta ɓangare biyu. Ta ce mummuna ne, ko yaron da ya fara koyo ya fi haka, amma ba zai ɓalle ba. Tanko ya leƙo ya gani, ya ce in dai wannan ne aikin, gara ya ci gaba da yawo da rigarsa a yage. Nan na san ya tabbata ba mutuwa zan yi ba.

Muka taso washegari ta Gumel, ba mu tsaya ba sai shan ruwa, don Tanko ya riski shuka. A mararrabar gonarsa muka rabu, ko gida bai shiga ba. Ni na ƙarasa ni kaɗai da la'asar, hannuna a ƙasa.

Maiɗakina na tsakar gida tana sheƙe gero. Ta dubi fuskata, ta dubi naɗin, ta ga inda ya lotsa. Ta ajiye faifan a hankali. Ba ta yi kuka ba, ta dai tsaya tana kallon rumbu, na kuwa san abin da take aunawa. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta ce bari ta kawo ruwa. Na ce ruwan ya jira, ta fara ɗauko mini kwandon ɗinkina. Ta shiga ta ɗauko, ta kakkaɓe shi, ta ajiye mini a dama inda ta saba ajiyewa tun ranar da aka kawo ta gidan.

Na ce mata ta dawo da shi wannan gefen.